Faifan Garmaho da Labarin da Ba a Rubuta a Jikinsa Ba

A shekarar 2006 aka fitar da littafin *Shata Ikon Allah!*, wanda har yau shi ake fara buɗewa idan ana maganar rayuwar Alhaji Mamman Shata. Mutum huɗu ne suka haɗa hannu a kansa: Ibrahim Sheme, da Yusuf Tijjani Albasu, da Aliyu Ibrahim Ƙanƙara, da Ali Malami. Biyu daga cikinsu 'yan kudancin Katsina ne, ɗaya daga Sheme ta ƙasar Faskari, ɗaya daga Ƙanƙara. A 2013 kuma Aliyu Ibrahim Ƙanƙara ya sake fitowa da *Mahadi Mai Dogon Zamani*, inda ya bi waƙoƙin Shata yana neman wanda aka yi wa kowace, da lokacin da aka yi ta, da abin da ya jawo ta. Ban ɗauki wannan a matsayin dace kawai ba. Shata haifaffen Musawa ne, amma a Funtuwa ya kafa gida, kuma garuruwan da ke kewaye da ita, daga Bakori da Ƙanƙara zuwa Faskari da Ɗandume da Sabuwa, su ne filin da ƙafarsa ta fi takawa. Mutanen wannan yanki sun ji shi ido da ido a wajen biki, sun ji shi a rediyo, waɗansunsu kuma sun saye shi a faifan garmaho sun kai gida.

Faya-fayan nan su ne abin da nake son mu duba. Ina suka shiga? Me ke cikinsu wanda babu a wayar hannu? Kuma mai tara su, me ya kamata ya tara tare da su? Ra'ayina shi ne, a ƙasar Hausa tara faifai shi kaɗai rabin aiki ne. Ɗaya rabin yana cikin kawunan dattawan da suka san salsalar waƙar, kuma wannan rabin ya fi saurin ɓacewa.

Na'urar kanta tsohuwa ce. Thomas Edison ya ƙera tasa a 1877, mai ɗaukar murya a kan wani abu mai siffar gwangwani. Emile Berliner ne ya kawo faifai shimfiɗaɗɗe a 1887, wanda daga gare shi garmaho ya samo asali. Tsakanin 1927 da 1930 kamfanin Zonophone ya ɗauki muryoyin 'yan Afirka ta Yamma a Landan da harsuna da dama, har da Hausa, ya buga su a faifai ya aiko da su kasuwannin bakin teku. Daga baya kamfanonin Decca da EMI da Philips suka kafa sansani a Legas, suka shiga ɗaukar mawaƙan Nijeriya a gida. Ta wannan hanya muryoyin makaɗan Arewa, ciki har da Shata, suka hau faifai.

Abin da ya kawo garmaho kudancin Katsina kuwa kuɗin auduga ne. Layin dogon da ya taso daga Zariya ya ratsa Funtuwa da Gusau ya kai Ƙauran Namoda a 1929, Funtuwa ta zama matattarar auduga da injin gurzarta, Daudawa ta ƙasar Faskari ta yi suna wajen nomanta. Idan kaka ta yi, kuɗi ya shiga hannu, manomi da ɗan kasuwa sukan sayi abin da ransu ya daɗe yana so: keke, agogo, fitilar ƙwai, akwatin rediyo, ga wanda ya fi ƙarfi kuma garmaho. Garmahon farko ba ya buƙatar lantarki ko batir. Wani ake yi masa da hannu, a ɗora allurar ƙarfe a kan faifai, murya ta fito. Saboda haka ya dace da ƙauyen da bai san wutar lantarki ba, kuma ba abin sauraren mutum ɗaya ba ne. A zaure ake kunna shi, ko ƙofar shago, ko tasha, jama'a su kewaye.

Wanda zai tara faya-fayai dole ya fara da sanin cewa iri uku ne, domin rashin sanin ya lalata da yawa. Na farko shi ne tsohon faifai mai nauyi, mai juyi 78 a minti ɗaya. Da wani irin ƙaro da ake samu daga ƙwaro a ƙasar Indiya ake yin sa, shi ya sa yake fashewa da zarar ya faɗi. Fuska ɗaya ba ta wuce kamar minti uku. A 1948 kamfanin Columbia na Amurka ya fito da babban faifan roba mai juyi 33 da sulusi, wanda fuskarsa ɗaya kan ɗauki minti ashirin ko fiye da haka kaɗan. A 1949 RCA Victor ya fito da ƙarami, mai faɗin inci 7 da juyi 45, waƙa ɗaya a gaba ɗaya a baya. Wannan ƙaramin masu tara faya-fayai a Turai da Amurka suna nemansa sosai, domin a kansa sabuwar waƙa take fara fita, kuma shi ne talaka ke iya saye.

A nan ne maganar ta fi ɗaukar hankalina. Waƙar Bature ta zamani an gina ta ne daidai da tsawon faifai. Minti uku aka ba ta, a minti uku ta girma. Waƙar makaɗin Hausa ba haka aka haife ta ba. Shata idan ya tsaya a fili, kalangai na tashi, 'yan amshi na karɓa, yakan riƙe waƙa ɗaya muddin taron na da rai. Gindin waƙar yana nan daram, amma ɗiyanta sauyawa suke yi gwargwadon wanda ya shigo fili, da wanda ya yi kyauta, da wanda ya ɓata wa mawaƙi rai a makon. Idan aka shigar da irin wannan mutum ɗakin ɗaukar murya aka ce masa ga iyakar mintocinsa, an tilasta masa zaɓi ke nan. Sunan wa zai shiga, na wa za a bari? Wane zambo ne zai iya tsayawa a faifan da za a sayar daga Legas har Maraɗi, wane ne kuma sai dai a fili inda iska za ta tafi da shi? Don haka abin da ke kan faifai hukunci ne da mawaƙi ya yanke a rana ɗaya. Mu da muka zo daga baya sai muka ɗauka shi ne waƙar gaba ɗayanta. Duk wanda ya saurari Bakandamiyar Shata a ɗauka daban-daban ya san ba ɗaya suke ba: wata ta fi wata tsawo, wata tana da ɗiyan da babu a wata, muryar ma ta ƙuruciya daban da ta manyanta. Mai tara faifai na gaskiya ba ya cewa ai ina da wannan waƙar, sai ya tambaya wace ɗauka ce.

Faifai kamar takardar gona yake. Tana nuna iyaka da sunan mai ita, amma wanda ya sare dajin, da rigimar da aka yi kafin a kafa iyakar, sai dattawan gari. Takardar da ke manne a tsakiyar faifai takan ba da sunan mawaƙi, da sunan waƙa, da sunan kamfani, da wata lamba. Sau da yawa ba shekara, musamman a tsofaffin. Sunayen makaɗa da 'yan amshi kuwa da wuya ka gan su, alhali su ne suka riƙe waƙar. Rubutun ma yakan zo a karkace, domin wanda ya shirya shi a Legas ko Landan ba ya jin Hausa, injinsa kuma ba shi da haruffa masu lanƙwasa. Mutum yakan ga suna a jikin faifai ya kasa gane waƙar da ya sani tun yana yaro, sai allura ta sauka.

Duk da haka faifai yana magana ga wanda ya iya dubawa. Lambar kamfani tana bin jeri, saboda haka idan aka jera faya-fayan kamfani ɗaya ana iya gane wanda ya riga wani fita. A kusa da takardar tsakiya, inda layukan murya suka ƙare, akwai wata lambar da aka zana a jikin faifan kansa, wadda ke nuna asalin ɗaukar da aka buga shi daga gare ta. Akan rubuta ƙasar da aka buga shi, Ingila ko Nijeriya. Idan rigar faifan ta tsira, ana iya samun hatimin shagon da ya sayar, ko farashi da aka rubuta da biro. Farashin da ke cikin sule da fam ya nuna an sayar kafin Janairun 1973, lokacin da naira da kwabo suka shigo. Wani lokaci mai faifan ya rubuta sunansa da na garinsu a jiki, da boko ko da ajami, don kada a ara a ƙi mayarwa. Wannan rubutun hannu, a wurina, ya kai waƙar daraja, domin shi ne ke gaya mana wa ke saurare.

Sauran shaidar tana cikin waƙar. Waƙar da Shata ya yi wa kumbon Apollo 11 ba za ta riga Yulin 1969 ba, watan da 'yan sama jannatin Amurka suka sauka a kan wata. Waƙar da Musa Ɗanƙwairo ya yi wa Sardauna Ahmadu Bello yana raye ta riga 15 ga Janairun 1966. Sarautar da mawaƙi ya kira mutum da ita ma ma'auni ce: Alhaji Muhammadu Bashar Wamban Daura ne kuma minista a gwamnatin Jihar Arewa kafin ya hau gadon sarautar Daura a 1966, don haka duk inda Shata ya kira shi Sarki, an san ɓangaren da waƙar ta faɗa. Dangantakar mutanen nan biyu ce ta sa da Shata ya rasu a Kano ranar 18 ga Yunin 1999 aka kai shi Daura aka rufe. Ga mutumin Ƙanƙara ko Faskari akwai wani ma'aunin na kusa. Ƙasarsu ta kasance cikin Jihar Arewa ta Tsakiya daga 1967, sunan ya koma Jihar Kaduna a 1976, sannan aka yanke Jihar Katsina a Satumbar 1987. Mawaƙin da ya ambaci ɗaya daga cikin sunayen nan ya sa wa waƙarsa kwanan wata bai sani ba. Haka wanda ya ambaci En'e maimakon ƙaramar hukuma, ko ya yi wa jama'a gargaɗi kan komawa tuƙin hannun dama da aka yi a Afrilun 1972.

Waƙoƙin sarakuna da manyan 'yan siyasa sun fi sauƙin bibiya, domin an rubuta tarihin mutanen. An san Ibrahim Narambaɗa makaɗin Sarkin Gobir na Isa Amadu ne. An san Sarkin Taushin Katsina ya yi wa Sarki Usman Nagogo, wanda ya yi sarauta daga 1944 zuwa 1981. An san waƙar da Ɗanƙwairo ya yi wa 'Yandoton Tsafe, garin da ke maƙwabtaka da ƙasar Faskari ta wajen 'Yankara. Inda aikin yake da wuya, kuma inda ya fi lada, shi ne waƙoƙin mutanen da babu su a kowane littafi. Shata ya yi wa direbobin manyan motoci, da fatake, da mahauta, da dillalan auduga, da mata masu sana'a. Ɗan Anace ya ɗaukaka Shago ɗan dambe har sunansa ya wuce zamaninsa. Ɗanmaraya Jos, da kuntiginsa, ya yi wa karen mota waƙa, mutumin da ba wanda ya taɓa tunanin za a buga labarinsa a faifai. Barmani Coge, wadda ta tashi a ƙasar Funtuwa ta kuma rasu a 2013, ta ɗauko maganar cikin gida, ta kishi da sana'a da haihuwa, ta fito da ita fili da ƙwaryar amada. Ga da yawa daga cikin mutanen da aka ambata a irin waɗannan waƙoƙi, ambaton nan shi ne kaɗai abin da ya rage nasu a rubuce ko a ɗauke. Wane ne shi? A wace tasha yake lodi? Me ya ba mawaƙin har ya cancanci waƙa, doki ne ko mota ko kujerar Makka, ko kuwa wani alheri ne da ya yi masa ranar da ba kowa? Amsar tana wurin 'ya'yansa da yaran motarsa da abokan cinikinsa, waɗanda yau suke da shekara saba'in ko tamanin, suna zaune a Funtuwa da Malumfashi da Sheme da Ƙanƙara.

Masana sun daɗe da gane haka. Ɗandatti Abdulƙadir ya rubuta kundin digirinsa na uku a kan Shata a Jami'ar Indiana ta Amurka a 1975. David Ames da Anthony King, waɗanda suka yi bincike a Zariya da Katsina, sun fitar da ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa a 1971, kuma abin da Ames ya ɗauka ya fito a manyan faya-fayai biyu cikin jerin da UNESCO ta ɗauki nauyi. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau, a hanyar nazarin waƙar baka da ya shimfiɗa, ya sa binciken salsalar waƙa da shekarar da aka yi ta cikin matakan farko, kafin a shiga turke da salo. Amma ɗalibi a jami'a yawanci daga kaset ko waya yake juyar waƙa zuwa takarda, bai taɓa riƙe faifan da ta fara fita a kansa ba. Mai faifan kuma yana ƙauye bai san abin da ke cikin adakarsa shaida ce ba. Mutanen nan biyu ba su haɗu ba har yanzu.

Akwai hatsari a neman salsala da ya kamata a faɗa. Labarin waƙa shi ma yana girma a baki kamar yadda waƙar ke girma a fili. Waƙar zambo irin Gagarabadan Shata, idan ka tambayi mutum uku wa aka yi wa da dalili, kana iya jin bayani uku, kowa kuma yana rantsuwa a gabansa aka yi. Wanda ke tattara irin wannan sai ya rubuta wa ya faɗa masa, a ina, kuma shi mai faɗar ganau ne ko jiyau. Sannan ya tuna cewa wanda aka yi wa zambo yana da jikoki da ke raye, suna da mutunci a garinsu. Ba duk abin da aka ji ne ake bazawa a Facebook ba. Akwai abin da wurinsa littafin mai bincike ne, ya zauna can har a tabbatar.

Faɗuwar faifai ba ta ɗauki lokaci ba. Philips ya ƙirƙiro kaset a 1963, a shekarun 1970 ya cika kasuwannin Arewa, musamman bayan kuɗin ƙarin albashi na Udoji sun shiga hannun ma'aikata kowa ya sayi rikoda. Kaset ya fi araha, yana ɗaukar awa guda ko fiye, ba ya tsalle idan mota ta faɗa rami, kuma kowa na iya kwafa. Wannan na ƙarshen ne ya karya kamfanonin. Kafin tsakiyar shekarun 1990 manyan kamfanonin waje sun sayar da rassansu na Nijeriya. Ga makaɗin Hausa kaset ya zo da alheri ɗaya, domin ya mayar masa da tsawon waƙarsa. Amma ya zo da asara, domin kwafin kwafi ba ya ɗauke da lamba ko suna ko shekara. Abin da masu tura waƙa a waya suke sayarwa yau a kasuwar Sheme ko ta Ɗandume jikan wancan kwafin ne: murya ta dushe, an yanke farko ko ƙarshe, wani lokaci an liƙa wa waƙar wani sunan wani. Yaro ya taso yana jin kukumar wani makaɗi da sunan wani daban, kuma babu abin da zai nuna masa kuskure ne, sai faifan asali idan ya tsira.

A can waje kuwa faifai ya farfaɗo. A Amurka, a 2022, adadin faya-fayan roba da aka sayar ya zarce na faifan CD, karo na farko tun 1987. Masu tara faya-fayai daga Turai da Amurka da Japan sun shafe shekaru suna bin Legas da Onica da sauran birane suna saye tsofaffin faya-fayan Nijeriya, kamfanoni irin su Strut da Soundway suna sake buga su. Arewa ma ta samu shiga. Waƙar Bala Miller mai suna Ikon Allah, da ya yi da ƙungiyarsa ta Kaduna, ta fito a tarin *Nigeria 70* a 2001, tare da wata ta ƙungiyar Sahara All Stars ta Jos. Ƙungiyar Elcados ta Kano, masu kiɗan jita, ta fito a wani tarin na Soundway a 2008. Kamfanin Sahel Sounds ya ɗauko kaset ɗin da Mamman Sani na Nijar ya yi a 1978 ya buga shi a faifai a 2013, mutumin ya sake samun masu saurare bayan shekara talatin da biyar. A shekarar dai kamfanin ya buga tarin waƙoƙin finafinan Hausa mai suna *Harafin So*. Wannan ya isa ya tuna mana cewa Arewa ta yi nata kiɗan zamani na jita da ƙaho tun kafin finafinan Kano, tarihin da mu kanmu muka yi sakaci da shi har baƙi suka tono mana.

Ba na zargin wanda ya sayar da faifan mahaifinsa ga baƙo. Mutum yana da iyali, abin kuma yana kwance gara na cin rigarsa. Faifan da ya tafi hannun mai kula da shi ya fi wanda ya narke a ɗakin kwano. Abin da nake roƙo kawai shi ne, kafin ya bar gida a ɗauki hoton fuskokinsa biyu da rigarsa, a juye muryar, a rubuta na wane ne da inda ya saya. Sai dai gaskiyar magana, masu sayen nan kiɗan jita da ganga irin na rawa suke nema. Faifan kalangu da kotso da taushi da gurmi ba shi da wannan kasuwa. Don haka abin da ke barazana gare shi ba fita waje ba ne. Zafi ne, da ƙura, da yara masu wasa da shi, da ranar rabon gado da za a ɗaga adaka a ce wannan tarkace ne. Akwai kuma gidajen da magada ke ganin kiɗa abu ne da bai dace su riƙe ba. Ina girmama wannan matsayi, ina kuma roƙonsu da su miƙa wa masu nazari maimakon su fasa, domin cikin faya-fayan nan akwai waƙoƙin yabon Annabi, da na gargaɗi, da sunayen kakannin mutane.

Za a iya cewa, a yankin da mutane ke kwana da ido ɗaya, wa ke da lokacin faifai? Tambaya ce mai nauyi. Duniya ta san sunan Ƙanƙara ne a Disambar 2020, lokacin da aka kwashe ɗaruruwan ɗalibai daga makarantar sakandaren kimiyya ta garin. Ƙauyuka da dama a Faskari da Sabuwa sun watse saboda 'yan bindiga, kuma wanda ke gudun ceton rai ba ya ɗaukar adaka. Ba ina cewa waƙa ta kai rai ba ne. Amma wannan halin shi ne ya sa aikin ya zama na gaggawa. Idan ƙauye ya tashi, zauren da ake zama a tuna wane ne wane shi ma ya tashi. Dattijon da ya san dalilin waƙa yana gudun hijira a gidan ɗansa a Funtuwa ko Katsina, babu sa'o'insa da zai yi hirar da su, jikokinsa kuma ba su san abin da za su tambaye shi ba. Yaran da suka taso cikin shekarun nan sun cancanci su san cewa garuruwansu sun taɓa zama wuraren da ake kiɗa har asuba ba tsoro, inda manomin auduga ke da rarar da zai sayi garmaho.

Kula da faifai ba ya buƙatar kuɗi mai yawa. A tsaye ake ajiye shi, ba a kwance a jibge ba, a inuwa nesa da rufin kwano da bangon da rana ke duka, domin roba lanƙwashewa take yi kuma ba ta komawa daidai. A gefe ake riƙe shi. Ƙura a share ta da ƙyalle mai laushi ana bin layukan, idan ya yi datti sosai a wanke da ruwa mai tsabta ba tare da an jiƙa takardar tsakiya ba. Kada a sa wa tsohon mai juyi 78 sinadari mai barasa, yana cinye shi. Babban kuskure shi ne ɗora faifan roba a kan garmahon wani mai allurar ƙarfe; sau ɗaya ya isa ya kashe shi. Tsohon faifan ma allurar ƙarfe sauya ta ake yi a kai a kai, domin da ta dakushe sai ta shiga gurzar layukan. Faifan da ya tsage kada a yar, takardarsa da lambarsa suna da amfani ko da ba zai ƙara yin magana ba.

Inda za a tara su ma akwai. Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Katsina tana nan, ga Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, ga Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, ga Gidan Arewa a Kaduna. Gidan Rediyon Kaduna, wanda ya fara aiki a 1962 kuma shirinsa na Zaɓi Sonka ya kai waƙoƙin nan kowane lungu, ya ɗauki makaɗa da yawa da kansa, don haka duk jerin da za a yi sai an gwama shi da abin da ke ma'ajiyarsa. Abin da nake gani zai yiwu ba tare da jiran babban kasafi ba shi ne sassan Hausa na jami'o'i da kwalejojin ilimi su riƙa ba ɗaliban da suka fito daga Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa wannan a matsayin aikin kundin kammala karatu: kowa ya nemo faya-fayan da ke garinsu, ya ɗauki hotonsu, ya rubuta lambobinsu, sannan ya zauna da mai su ko magajinsa ya kunna masa waƙar a waya, ya ɗauki abin da zai faɗa. Faifan ya zauna a hannun masu shi idan suna so, kwafin murya da hoto da hirar su tafi ma'ajiya. Idan kuma aka zo sake bugawa don sayarwa, a nemi iyalan mawaƙin da na makaɗansa tun da farko, a yi yarjejeniya a rubuce bisa sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta 2022, a kuma sa sunayen 'yan amshi da masu kalangu a jikin sabon bugun, tunda yanzu akwai sauran waɗanda za su iya lissafo su.